Ra'ayinmu: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk wanda ya daɗe a Agege, ko Idi-Araba, ko unguwar Sabo ta Badun ko ta Shagamu, ya sha ganin wannan abu da idonsa. Dattijo ya shekara talatin ko fiye yana neman abinci a Kurmi, ya yi fataucin goro, ya yi dillancin shanu, ko ya yi gadi har ƙarfinsa ya ƙare. Ranar da ciwo ya kwantar da shi, sai ka ga mutanen zango suna karo-karo don su haɗa masa kuɗin mota. A ɗaure masa tabarma da buta da akwati guda, a sa shi a motar da ta sauke shanu za ta koma Arewa. In ya isa gida kuwa, ɗakin da zai sauka na ƙanensa ne ko na ɗan wansa, domin shi bai aza bulo ko ɗaya ba, can ko nan.

Kada wani ya zaci kuɗi ba su ratsa hannun irin wannan bawan Allah ba. Sun ratsa ƙwarai. Da za a tara abin da ya biya na haya kaɗai a cikin waɗannan shekaru, da ya isa ya gina masa ɗaki biyu da zaure a garinsu. Abin da ya rasa shi ne tsari, kuma a kan wannan tsari ne muke so mu yi magana da 'yan'uwanmu mazauna Kudu a yau. Maganarmu ba ta wuce guda ba: muhalli yana samuwa ne da tanadin da aka ajiye inda ba zai lalace ba, da kuma takardar da za ta tsaya a gaban alƙali. Wanda ya yi sakaci da ɗaya daga cikin biyun, to, ya yi wa wani gumi.

Zamanmu a Kudu ba sabon abu ba ne. Tun a shekarar 1916 aka kafa unguwar Sabo a Badun, kuma kafin wannan lokaci ma fatakenmu suna kai da kawowa. Amma zaman yau ya bambanta da na iyayenmu. A da baƙo yakan sauka wurin maigida, ya ci ya kwana, maigida ya ci la'ada a kan kayansa, kowa ya tashi lafiya. Yau kuwa sai da kuɗin haya na shekara a dunƙule, ga na dillali, ga na lauya. A shekarar 2011 Jihar Legas ta yi doka ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara guda daga hannun sabon ɗan haya, amma dokar ba ta hana mai gida ƙara kuɗi ba, kuma wanda ke neman wurin kwana ba ya jayayya da mai ɗaki. Sana'ar ma ba ta da tabbas. Waɗanda suka dogara ga acaba a birnin Ikko sun ga yadda aka hana shi a manyan sassan gari a watan Fabrairu na 2020, aka kuma sake tsananta hanin a watan Yuni na 2022, dubban samari suka wayi gari ba abin yi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma ɗakin haya kayan aro ne.

TANADI

Matakin farko shi ne mutum ya san abin da yake samu. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu aljihu ɗaya suke zuba uwar kuɗi da riba, daga nan ake cefane, daga nan ake aike gida, daga nan ake gudummawar biki. Sai shekara ta zagayo mutum ya ga jarinsa ya zaizaye bai san ta inda ya bi ba. Littafin naira ɗari biyu da biro sun isa su magance wannan. A rubuta abin da aka saro, da abin da aka sayar, da abin da aka kashe, da boko ko da ajami, duk wanda ya sawwaƙa. Wanda ya yi haka wata guda cur zai sha mamakin abin da shayi da goro da katin waya da 'yan ƙananan hidimomi suke lashewa.

Mataki na biyu, a cire na tanadi tun kafin a taɓa na kashewa. Wanda ya ce sai abin da ya yi saura zai ajiye, to, ba zai taɓa ajiyewa ba, domin kuɗi ba sa saura. Mu ɗauki misali. Mutumin da yake ware naira 2,000 kullum, kwana shida a mako, yana da naira 12,000 a ƙarshen mako, a shekara kuwa naira 624,000. In ya jure shekara biyar, abin ya haura naira miliyan 3. Mai ƙaramin ƙarfi ya yi daidai ƙarfinsa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Mun san za a ce mana, ina za a kai iyaye da ƙanne da dangi masu jiran aike? Haƙƙin iyaye wajibi ne, ba mai musun wannan. Amma ya kamata a yanka wa aike ƙa'ida, a san nawa ne a wata, a kuma sanar da mutanen gida cewa ana tara na gini. Babu abin kunya a ciki. Mutumin da ya dawo da tsufa ba shi da wurin kwana, nauyi zai zame wa dangin nan da ya yi ta ƙoƙarin burgewa. Haka nan dawowar sallah da ɗinkuna kala biyar da rabon kuɗi a tasha don a ce ɗan Ikko ya iso, kwana uku ake maganarta a manta. Katangar da aka tayar kuwa tana nan.

INA ZA A AJIYE?

Ajiyar kuɗi a ƙarƙashin katifa, ko cikin buhu a bayan shago, ta sha jefa mutanenmu cikin nadama. Dattawa ba su manta da watan Afrilu na 1984 ba, lokacin da gwamnatin soja ta sake launin takardun kuɗi ta ba da 'yan kwanaki kaɗan na canji, mutane da yawa suka tashi da tsofaffin takardu a hannu. Yara ma sun ga irin wahalar da aka sha a farkon 2023, bayan an sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Ga ɓarayi, ga gobarar kasuwa wadda ba ta sallama. Ajiya wurin maigida ko babban ɗan kasuwa kuwa, ko da mutumin kirki ne, mutuwa ba ta shawara, kuma magada ba su san abin da ba a rubuce yake ba. Ba a banza ba ne ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, ta zo a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Rubutu ba ya rage amana, kare ta yake yi.

Adashi hanya ce mai kyau da muka gada, domin yana tilasta wa mutum zubi ko yana so ko ba ya so, kuma yana ba shi kuɗi a dunƙule. Sharaɗinsa dai a yi shi da mutanen da aka san sana'arsu da mazauninsu, kada a yawaita hannu har zagayen ya wuce shekara, a rubuta sunaye da ranar kwasar kowa, a kuma riƙa zubi ta banki yadda kowane zubi zai bar shaida. Ranar da kwasa ta zo kanka, ka riga ka san abin da za ka saya da ita tun kafin ta shigo hannu. Kuɗin adashi in sun kwana uku a aljihu, sai labari.

Game da banki, muna jawo hankalin jama'a ga abu guda da mutane da yawa ba su sani ba. Akwai hukumar gwamnati mai inshorar kuɗin masu ajiya, wato NDIC, wadda aka kafa a 1988. A shekarar 2024 ta ɗaga abin da take lamuncewa ga kowane mai ajiya a babban banki daga naira 500,000 zuwa naira miliyan 5, a ƙananan bankuna kuwa daga naira 200,000 zuwa naira miliyan 2. Ma'anar wannan ita ce, in banki mai lasisi ya rushe, mai ajiyar da kuɗinsa ba su wuce wannan adadi ba zai karɓi abinsa. Saboda haka kafin ka buɗe asusu, ka tabbata bankin yana da lasisin Babban Bankin Nijeriya kuma yana ƙarƙashin wannan hukuma. Wanda tanadinsa ya haura adadin, ya raba shi banki biyu. Kuma asusun gini ya zama daban, ba kati a aljihu, ba a taɓa shi don cefane.

Masu gudun kuɗin ruwa ba su da sauran uzuri. Bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021, dukkansu ba sa mu'amala da ruwa. Gwamnatin Tarayya kuma ta fara sayar da takardun sukuk a 2017, inda ta tara naira biliyan 100 a karon farko don gina hanyoyi, kuma da naira 10,000 ma mutum yana iya shiga in an buɗe sayarwa.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, kuma wajibi ne mu faɗe ta: naira ba ta ajiyuwa shekara da shekaru. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka daraja. A 2024 sai da aka sayi dala ɗaya a kan fiye da naira 1,500. Hukumar ƙididdiga ta ce a watan Disamba na 2024 tsadar kaya ta ƙaru da kashi 34.8 cikin ɗari a shekara guda, wato wanda ya rufe naira miliyan 1 a akwati tsawon shekarar, abin da za ta saya masa bai wuce na wajen naira 740,000 a farkonta ba. Buhun siminti da bai kai naira 3,000 ba a farkon 2020, ya haura naira 10,000 a wasu garuruwa a farkon 2024. Darasin a fili yake. Banki zango ne, ba masauki ba. Da zarar abin da aka tara ya isa sayen fili, a saya. In ya isa kwanon rufi ko rodi ko katako, kuma akwai amintaccen wurin ajiya, a saya a ajiye. Siminti ne kaɗai ba a yi wa haka, domin in ya daɗe yakan sha danshi ya daskare. Gara a buga bulo da shi.

Sai kuma 'yan damfara masu cewa kawo dubu ɗari ka karɓi dubu ɗari biyu bayan wata guda. An ga yadda MMM ta rufe da kuɗin jama'a a watan Disamba na 2016, an kuma ga CBEX a watan Afrilu na 2025, kuma gobe wata za ta fito da sabon suna, watakila ma da rawani da carbi. Dabararsu ɗaya ce, da kuɗin na baya ake biyan na gaba har ranar da za a rufe ƙofa. Duk ɗan kasuwa ya san babu halattacciyar sana'ar da take ninka jari a wata guda. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

CAN KO NAN?

Tambayar da take raba kan 'yan'uwa ke nan: a gina a garin haihuwa, ko a inda ake neman abinci? Ta fuskar doka babu shamaki. Sashe na 43 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon mallakar fili ko gida a ko'ina cikin Nijeriya, kuma akwai mutanenmu da suka gaji gidaje a Agege da Sabo tun daga kakanni, kamar yadda 'yan Kudu suke da gidaje a Kano da Kaduna da Jos. Wanda iyalinsa suke tare da shi, 'ya'yansa suke makaranta a nan, sana'arsa ta kafu, gida a nan zai raba shi da haya har abada.

Duk da haka ba za mu rufe ido ga abin da ya faru a Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, da kasuwar Shasha ta Badun a 2021 ba, inda aka yi asarar rayuka da dukiya. Muna roƙon Allah kada ya maimaita mana, muna kuma yaba wa shugabannin kowane ɓangare da suke tsaye kan zaman lafiya. Amma mai hankali ba ya zuba dukan hatsinsa a rumbu ɗaya. A ganinmu, mai ƙaramin ƙarfi wanda iyalinsa suke Arewa ya fara da gida, inda fili ya fi araha kuma inda zai koma in ƙarfi ya ƙare. Wanda Allah ya buɗa wa, ya yi nan ya yi can. Kowa ya dubi halinsa ya yanke shawara tun yau, domin wanda bai san inda zai gina ba, ba zai san nawa zai tara ba.

SAYEN FILI A KUDU

A nan ne aka fi yi wa mutanenmu sakiyar da ba ruwa, saboda mun saba da ciniki na baki da musafaha. Tun daga dokar amfani da ƙasa ta watan Maris na 1978, wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa, ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamna ne a matsayin amana. Abin da mutum yake samu shi ne izinin zama, yawanci na shekara 99, wanda ake ba da takardar shaidarsa da aka fi sani da C of O. In mai irin wannan takarda zai sayar, cinikin ba ya cika a idon doka sai da yardar Gwamna a rubuce. Rasidin da mai sayarwa ya rubuta maka shaida ce ta cewa ka biya kuɗi, amma ita kaɗai ba ta isa ta kare ka ba.

Saboda haka kafin kobo ya fita daga hannunka, ka ɗauki lauya naka na kanka, ba wanda mai sayarwa ko dillali ya kawo ba. Shi zai je ofishin rajistar filaye, wanda a Legas yake Alausa ta Ikeja, ya bincika ko sunan mai sayarwa ne a kan takardar, ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai shari'a a kansa. Ka kuma ɗauki safiyo mai rajista ya auna filin ya kai taswirar ofishin Babban Safiyo na jiha, a duba ko wurin yana cikin ƙasar da gwamnati ta riga ta karɓe. Filaye da yawa a bayan garin Ikko haka suke, kuma ba a sayensu lafiya sai in suna cikin yankin da gwamnati ta sakar wa mutanen ƙauyen aka buga a gazet. Kuɗin lauya da safiyo ba su kai kashi ɗaya cikin goma na abin da za ka yi asara in ciniki ya ɓaci ba.

In filin na dangi ne, kamar yadda aka saba a ƙasar Yarabawa, to, ka sani mutum ɗaya ba ya sayar da shi. Sai shugaban dangin tare da manyan wakilansa sun sa hannu. In 'yan dangi suka sayar ba da shugabansu ba, cinikin banza ne a kotu. In shugaban ya sayar ba da yardar manyan dangi ba, suna iya zuwa su sa a rushe cinikin. Nan ne kuma ake gamuwa da waɗanda ake kira omo onile, wato 'ya'yan masu ƙasa, masu sayar da fili ɗaya ga mutum uku, su kuma dawo neman kuɗi ranar haƙa harsashi da ranar rufi. A 2016 Jihar Legas ta yi dokar kare dukiya wadda ta mai da irin wannan ƙwace da karɓar kuɗi da ƙarfi laifi mai hukuncin ɗauri. Dokar tana amfanin wanda takardunsa suka cika. Wanda ba shi da takarda, da me zai kai ƙara?

Ka je ka ga wurin da idonka, kuma ka je da damina, domin filin da yake a bushe a watan Janairu yana iya zama tafki a watan Yuli. Ka tambayi maƙwabta labarinsa. Ka nisanci bakin magudanar ruwa, da ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, da kan bututun mai, da gefen titin da ake shirin faɗaɗawa, kome arahar wurin, domin ranar da katafila ta zo ba ta tambayar nawa ka kashe. Waɗanda suka ga rushe Maroko a watan Yuli na 1990, inda mutane wajen 300,000 suka rasa matsuguni bayan wa'adin mako guda, sun san abin da muke nufi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

In komai ya tabbata, a biya ta banki zuwa asusun mai sayarwa da sunansa, kada a miƙa tsabar kuɗi a jaka, kada kuma a biya ta hannun dillali. Lauya ya tsara takardar miƙa mallaka, shaidu su sa hannu, a kai ta a yi rajista. A san girman abin da aka saya, domin fuloti a Legas yawanci ƙafa 60 ne da 120, alhali a Arewa an fi sabawa da 50 da 100. Daga nan a kewaye filin ko a aza wani abu a kai nan da nan. Filin da aka bari fayau, kiran ɓarawo yake yi.

GINI A GIDA

Kada wanda ya zaɓi yin gini a Arewa ya ɗauka ya tsira. Labarin da ya fi kowane yawa a zango shi ne na mutumin da ya shekara biyar yana aika wa ɗan'uwansa kuɗin gini, ana aiko masa da hoton katangar wani, ranar da ya je ya tarar da fili sai ciyawa, ko ma babu filin. Ga asarar dukiya, ga ɓacin zumunci, kuma ba dama a kai ɗan'uwa kotu. Maganin wannan shi ne a raba hannu. Wanda yake riƙe da kuɗi daban, mai lura da aiki daban. A biya mai bulo da mai kwano kai tsaye ta banki. A yi jinga da magini mataki mataki, daga harsashi zuwa linta, daga linta zuwa rufi, kada a biya na gaba sai an ga na baya. Wayar hannu ta sawwaƙa abubuwa, ana iya nuna maka aiki kana kallo daga inda kake, amma duk da haka zuwa da kai ya fi aike. Ko sau biyu a shekara ne, ka je ka taka wurin da ƙafarka.

Takardar fili kuma ta fito da sunanka, ba da sunan wa ko ƙane ko suruki ba. Filin awon igiya da aka saya a gaban mai unguwa ko dagaci, a bi shi a yi masa rajista a ofishin filaye na jiha, irin su KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna. In gidan gado za ka saya, ka tabbata an raba gadon, ka ga takardar kotu, kuma kowane magaji, har mata da waɗanda ba sa gari, ya yarda. In kuma a cikin gidanku na gado za ka yi gini, a fara fitar maka da rabonka a rubuce, don kada bayan ranka a ce wa 'ya'yanka ginin na kowa ne.

Kada a ɗauko abin da ya fi ƙarfi. Garuruwanmu cike suke da kangayen manyan gidaje da aka fara da buri aka kasa rufewa, ruwa yana cin bulo shekara da shekaru. Ɗaki biyu da banɗaki da katanga waɗanda aka gama aka shiga sun fi bene da ya tsaya a linta. A zana gidan yadda za a iya ƙara masa ɗaki daga baya, a nemi izinin gini daga hukuma, a kuma ware wani abu saboda kuɗin takardu da la'ada da jawo ruwa da wuta, domin kuɗin fili ba shi ne ƙarshen kashewa ba. Kada kuma a zuba uwar kuɗin sana'a a gini. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, in jari ya mutu ginin ma ya tsaya.

Ma'aikata masu albashi su tuna da Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashi a cikinsa. Wanda ya yi zubi na aƙalla wata shida yana da ikon neman rancen gida ta hannun bankin gidaje na Tarayya, da ruwan kashi 6 cikin ɗari, a biya cikin lokacin da zai iya kai shekara 30. Da yawa ana yankar musu wannan kuɗi ba su taɓa tambayar inda yake ba. Wanda ba ya son rance mai ruwa ya tuntuɓi bankunan da muka ambata, waɗanda sukan sayi gida su sayar wa mutum ko su ba shi haya har ya gama biya ya zama nasa. Ko ta wace hanya ce, kada a sa hannu a takardar da ba a karanta ba, kada kuma biyan wata ya wuce abin da mutum zai iya ɗauka ko da kasuwa ta yi sanyi.

KIRANMU

Muna kira ga Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan goro da 'yan shanu da 'yan gwari da masu canji, su ɗauki wannan al'amari da muhimmanci. Ƙungiyar da take iya tara kuɗin kai gawa gida, tana iya ɗaukar lauya guda da zai riƙa duba wa 'ya'yanta takardun fili. Tana kuma iya yin rajista a matsayin ƙungiyar gama kai, ta sayi babban fili mai takarda ta yanka wa mambobinta, da littafin kuɗi a buɗe wanda kowa zai iya dubawa. Limamai da malamai su ma su riƙa tunatar da jama'a muhimmancin rubutu da shaidu da wasiyya.

Ga gwamnatoci kuwa, na Kudu da na Arewa, muna cewa a sauƙaƙa samun takardar mallaka, a rage kuɗinta da tsawon jiranta, domin wahalar samunta ce take tura talaka hannun macuta. An ga gidaje masu sauƙin kuɗi da Alhaji Lateef Jakande ya gina a Legas tsakanin 1979 da 1983, da waɗanda gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta gina a jihohi a wannan lokaci, har yau mutane suna cikinsu. Abin da ya yiwu jiya zai yiwu yau.

Amma kafin gwamnati ta motsa, kai ɗan'uwa mai karanta wannan shafi, ko wanda ake karanta wa a bakin shago, ka fara naka. Ka sayi littafin nan yau, ka buɗe asusun nan a wannan mako, ka yanke shawarar inda za ka aza harsashinka. Ƙarfin da kake ji a jikinka ba zai dawwama ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa wa neman kowa albarka, ya ba mu muhalli na halal, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.